Kafin Ruwan Tuffa Ya Juya

Maƙwabcina a Birmingham, wani Bature da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya yi kusan shekara biyu yana yi mini naci in raka shi ƙauyen Much Marcle a yankin Herefordshire, inda ake bikin tuffa duk shekara a watan Oktoba. Ni kuwa kullum sai in zille, don na san abin da ake yi da tuffar yankin nan, giya ce. Ranar da ya ishe ni na gaya masa ƙarara cewa ba na sha, ba na kuma zama a teburin masu sha. Ya yi dariya ya ce ai kafin ta zama giya ruwan 'ya'yan itace ne zalla, kuma a gabana za a matse a zuba mini a kofi. Da na kai wa uwargida zancen sai ta ce, "Baban yara, in dai da idonka za ka ga an matse, je ka, amma kada ka dawo mana hannu rabbana."

Akwai tarko a kalmar da ke jikin kwalba, wato cider, wadda suke furtawa kamar "saida". A Ingila in ka ga wannan kalma to giya ce, babu wani kwana-kwana. A Amurka kuwa yawanci ruwan tuffa ne da ba a tace ba, sai an ƙara wata kalma a gabanta kafin ta zama giya. Na san wani ɗan'uwa da ya yi karatu a Amurka, ya zo nan ya ɗauki kwalba a kanti da kyakkyawar niyya, Allah Ya taimake shi mai karɓar kuɗi ta nemi ganin katin shaidar shekarunsa, a nan ya farga.

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota. A cikin ƙauyen akwai babban kamfanin Westons da ke wannan sana'a tun 1880, amma maƙwabcina ya wuce shi ya kai ni wata ƙaramar gona ta wani dattijo da 'yarsa. Tumaki na kiwo a ƙarƙashin bishiyoyi, tuffa ta zube a ciyawa kamar an shanya. Ba a tsinko ta da hannu a lallaɓa kamar ta kanti. Doguwar sanda mai ƙugiya ake sa wa reshe a girgiza, a tsince a ƙasa, a wanke.

Dattijon ya miƙo mini wata ƙaramar tuffa mai ja-ja, ya ce sunanta Dabinett, in gatsa. Na gatsa da ƙarfina. Wanda ya taɓa cin ɗanyar kanya yana yaro ya san abin da ya same ni: bakina ya ɗaure, harshe ya yi kaushi, yawu ya ƙafe. Zaƙi na nan, amma bauri ya danne shi. Na rasa inda zan tofar, shi kuwa yana ta ƙyaƙyata dariya. Ya ce wannan abin da nake yamutsa fuska a kansa, shi ne dukiyarsu.

Sinadarin da ke kawo baurin sunansa tanin, kuma da ya ce daga aikin jima sunan ya samo asali, sai na tuna majema na Kano da bagaruwar da suke jiƙa fata da ita. Dangin abu ɗaya ne. Ya yi ta kewaye-kewaye da Turanci yana neman yadda zai bayyana mini ɗanɗanon, yana cewa wani irin ɗaci ne mai busar da baki. Na ce masa mu kalma ɗaya muke da ita, bauri, kuma ba ma haɗa ta da ɗaci. Ɗaci na maɗaci ne da shuwaka. Bauri na ɗanyen ɗan itace ne, da goro, da shayin da ya daɗe a buta. Ya sa na rubuta masa kalmar a jikin wani kwali.

Su ma suna da nasu rabe-raben. A wata cibiyar bincike da aka kafa a Long Ashton kusa da Bristol a 1903 aka kasa tuffar matsa gida huɗu, gwargwadon yawan tsami da yawan bauri: mai zaƙi, mai tsami, mai bauri da zaƙi, da mai bauri da tsami. An rufe cibiyar a 2003, amma har yau da wannan ma'auni manoman ke magana.

Matsar kanta ba ta da wani sirri. A zuba tuffa a injin markaɗe ta fito kamar dusa mai laima, a ƙunshe ta a ƙyalle a shimfiɗa, a ɗora katako, a sake ɗora wani ƙunshin, har su yi tsayi. Wannan jerin ƙunshi suna ce masa cuku. Sai a sauko da matsi daga sama, ruwa ya riƙa kwarara cikin bokiti. Abin da ya ba ni mamaki shi ne launi. Yana fitowa fari-fari, kafin ka ƙirga ɗari ya koma ruwan ƙasa, kamar yadda yankakken goro ke rinewa in ya sha iska.

Kofi na farko na ɗaga na shanye tas kamar mai buɗa baki. 'Yar dattijon ta girgiza kai, ta ce ba haka ake yi ba. A fara shinshinawa, a kurɓi kaɗan, a bar shi ya zagaya baki, a haɗiye, sannan a jira, don bauri a ƙarshe yake zuwa. Tsakanin kofi da kofi a kurkure da ruwa a gutsuri busasshen burodi. Kuma a fara da mai sauƙi a ƙare da mai ƙarfi, in ba haka ba harshe ya mutu tun da wuri.

Da na bi ƙa'ida sai abin ya buɗe. Ruwan Dabinett ɗin nan da ta ƙi ciyuwa ya zo da zaƙi mai kauri, baurin ya lafa ya koma baya, kamar shayi mai ƙarfi da aka cika wa sukari. Yarlington Mill ta fi ta laushi. Sai aka zuba mini Foxwhelp, tsohon iri da aka sani tun ƙarni na 17. Subhanallahi! Tsamiya ba ta kai ta ba, nan take ta kashe mini haƙora. Na ce wa zai sha wannan? Yarinyar ba ta ce komai ba, ta ɗiga kaɗan daga cikinta a kofin Dabinett ta miƙo mini. Zaƙin da ɗazu ya so ya gundure ni sai ya wartsake, kamar an matsa lemon tsami a kunu. A nan na gane cewa gwanintar a haɗi take, kuma kowane gida da nasa hannun. Kingston Black kuwa suka ce tana iya tsayawa da ƙafarta, don tsami da bauri sun daidaita a cikinta, sai dai bishiyar tana da wuyar sha'ani, ba ta cika bayar da 'ya'ya da yawa ba.

Na tambayi yadda iri ɗaya ke rayuwa shekara ɗaruruwa. Ashe ƙwallon tuffa ba ya gadon uwa; in ka shuka shi wata tuffa daban za ta fito. Reshe ake yankowa a aura wa wata bishiya, daidai yadda muke yin mangwaro mai aure. Ke nan duk Dabinett da ke duniya reshe ce daga bishiya ɗaya da aka tsinta a Somerset.

Bayan azahar muka koma wajen fiya. Ba fiyarmu mai ƙwallo da ake shafa wa burodi nake nufi ba, ta Turawa ce mai siffar ƙaramin buta, kuma wadda ake matsewa ƙanana ce masu tauri. Bishiyarta ta fi ta tuffa girma nesa ba kusa ba, tana kuma iya kai shekara 300. A hanyar shiga tsohon gidan Hellens da ke ƙauyen akwai sauran waɗanda aka dasa tun zamanin Sarauniya Anne ta Ingila, a farkon ƙarni na 18. Suna da karin magana cewa mai dasa fiya magadansa yake dasa wa. Ruwan Blakeney Red da na sha ya fi na tuffa sanyi a baki, yana da ƙamshi kamar na fure, baurinsa siriri. Ya yi mini daɗi har na sha kofi uku. Babu wanda ya gaya mini cewa fiya na ɗauke da wani nau'in sukari mai suna sobitol, wanda ke sakin ciki in ya yi yawa. A hanyar dawowa sau biyu na sa maƙwabcina ya tsaya, ba zan ƙara bayani ba.

Dattijon yana da ƙorafinsa. A dokar Ingila, ruwan tuffa kashi 35 cikin ɗari ya isa a sa wa kwalba wannan suna, ragowar ana iya cikawa da ruwa da sukari, shi kuwa zalla yake matsewa, don haka ba zai iya gasa da farashin kanti ba. Ya kuma ba ni labarin cewa a da har da giyar tuffa ake biyan 'yan ƙwadagon gona wani ɓangare na ladansu, sai a 1887 doka ta hana. Lokacin da suka shiga rumbun ganguna shi da maƙwabcina don ɗanɗana ta bara, na tsaya a waje. Warin da ke fitowa daga ƙofar ma ya ishe ni shaida. Na shimfiɗa rigar sanyina a gindin wata bishiya na yi la'asar, tumaki na kallona.

Tambayar da ta fi damuna na bari sai ƙarshe: yaushe ruwan nan ke juyawa? Ya ce ba sai an zuba masa komai ba. Yis na nan a jikin ɓawon da jikin kayan matsa, yana fara cin sukarin cikin 'yan kwanaki, ya fi sauri in akwai ɗumi. Alamarsa kumfa a sama da ɗan cizo a harshe. Sai na tuna hadisin Ibn Abbas a Sahihu Muslim, cewa ana jiƙa wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, zabibi ya sha ranar da washegari har yammacin kwana na uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Tun daga nan na riƙe tambaya ɗaya ga duk mai sayar da ruwan gona: an dafa shi a kwalba ko ɗanye ne? Wanda aka dafa yana yin watanni a rufe. Ɗanye kuwa sai firji, in kana so ya daɗe ka daskarar da shi. Kwalaben da aka rubuta wa kashi 0.5 cikin ɗari na barasa kuma na bar wa masu su, don yawanci giya ce aka rage wa ƙarfi.

Na taho da kwalba shida dafaffe, da khal ɗaya, da jarka biyu na ɗanyen haɗin Dabinett da Foxwhelp. Jarka ɗaya muka shanye a kwana biyu. Ƙaramar 'yata ta kurɓa ta ɓata fuska ta ce, "Baba, wannan shayi ne ko tuffa?" Ɗayar kuwa na manta da ita a bayan mota, ƙarƙashin rigar da na yi salla a kai. Sai ranar Alhamis na tuna. Jarkar ta kumbura ta yi tam, ina murɗa murfin ta yi tsaki, kumfa ta biyo hannuna. Na tuttular da ita a magudanar ruwa ta ƙofar gida, maƙwabcina na tsaye a bakin shingensa ya dafe kai da hannu biyu.