Jinyar Baba Bayan An Cire Masa Ƙoda

Wata safiya mahaifina ya ga jini a fitsarinsa, babu zafi, babu zazzaɓi, kuma kafin kwana biyu fitsarin ya koma yadda yake. Bai gaya wa kowa ba sai da abin ya dawo bayan kusan wata uku, sannan ya kira ni gefe ya faɗa mini cikin nauyin baki. Har yau wata ukun nan suna ci mini rai, domin likitan da ya duba shi ya ce jinin da ya zo ba tare da ciwo ba, ya kuma ɗauke da kansa, dole ne a bincike shi tun ganin farko.

Hoton ciki ya nuna ƙari a ƙodar hagu, hoton CT kuma ya nuna girmansa ya kai santimita 6. Likita ya zana mana ƙoda a takarda, ya ce sankara ce, nau'in da ya kai kusan 9 cikin 10 na sankarar ƙoda a manya, kuma ba ta bazu zuwa huhu ko wani wuri ba. Na tambaye shi batun maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, sai ya ce wannan nau'in ba ya jin sa sosai, tiyata ce hanya. Da ƙarin bai wuce santimita 4 ba kuma yana daga gefe, da wurin kaɗai za a yanke, amma na Baba yana tsakiya, kusa da manyan jijiyoyin jini, don haka dole a cire ƙodar gaba ɗaya. Tambaya ɗaya Baba ya yi: "Likita, mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya?" Aka ce masa ƙwarai kuwa, muddin wadda ta rage tana da lafiya kuma an kiyaye ta.

An yi aikin ta ƙananan huda da kyamara, kuma ciwon da ya fi damunsa a kwanakin farko a kafaɗa yake, saboda iskar da ake hura wa ciki yayin aikin. Kwana huɗu muka yi aka sallame mu.

A gida ne na gane nauyin jinya. Mutumin da bai taɓa neman a riƙe masa hannu ba, ga shi ba ya iya tashi daga gado sai ya juya ta gefe, ya sauke ƙafafu, na tallafi kafaɗarsa. Idan tari ya taso masa yakan danna matashi a kan ɗinkin, ya runtse ido har ya wuce. An umarce mu da ya riƙa tattaki kullum don kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, don haka muka fara daga ɗaki zuwa bakin ƙofa, muna ƙara 'yan taku kowace rana. Maganin kashe ciwo mai ƙarfi ya ɗaure masa ciki, ya yi shiru kwana uku saboda kunya, wanda ya koya mini in riƙa tambayarsa kai tsaye, cikin ladabi, ba tare da jiran ya faɗa ba.

Kuskuren da na kusa tafkawa ya zo a mako na biyu. Bayansa ya matsa masa cikin dare, na ɗauko ibuprofen daga akwatin magani, har na ɓallo ƙwaya biyu kafin na tuna da takardar sallama. A jikinta an rubuta a fili cewa ya guji ibuprofen da diclofenac da ire-irensu, domin suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Tun daga daren nan na ajiye littafi, ina rubuta kowane magani da lokacinsa, da awon hawan jininsa, da sakamakon gwajin creatinine da ke nuna yadda ƙodar dama take aiki.

An hana shi ɗaukar kaya mai nauyi har mako shida, amma gajiya ta fi haka daɗewa, kuma ita ce ta fi karya masa gwiwa. Ranar da muka koma karɓar sakamakon hoton bibiya na farko, a hanya ya ce mini, "Idan sun ga wani abu, kada a ɓoye mini." Ba su ga komai ba. Aka rubuta mana ranar hoto na gaba, shi da kansa ya karɓi takardar ya ninke ta ya sa a aljihu.