Rakiyar mara lafiya zuwa Indiya: aikin da ke jiran mai jinya

Idan iyali a Yamai ko Tawa suka yanke shawarar kai mara lafiya Indiya, zaman da ake yi yawanci na kuɗi ne: wa zai sayar da fili, wa zai aiko da gudummawa daga Abijan ko Lome, nawa ne kuɗin jirgi. Maganar wanda zai raka shi sai a bar ta ƙarshe, kuma sau da yawa a ɗauki wanda ba shi da aikin yi a gida, ko babban wa saboda girmansa. A ganina wannan zaɓin bai gaza zaɓin asibiti muhimmanci ba, domin asibitin Indiya yana aiki ne bisa tunanin cewa mara lafiya yana da ɗan'uwa a gefensa dare da rana.

Wannan tunani daga gidajensu ya fito. Har yanzu a wurare da yawa tsoho da tsohuwa suna zaune gida ɗaya da ƴaƴansu maza da matansu da jikoki, tukunya ɗaya, kusan yadda gandu yake a ƙauyukanmu. Yaro yana sunkuyawa ya taɓa ƙafar babba idan zai gaishe shi. Gwamnati ma ta sa hannu: dokar 2007 ta ba iyaye damar kai ƙarar ƴaƴan da suka ƙi ɗaukar nauyinsu, a yanke musu kuɗin da za su riƙa bayarwa duk wata, wanda kuwa ya yasar da tsohonsa yana iya shan ɗaurin da ya kai wata 3. Saboda haka idan likita ya shigo ɗaki, idonsa na neman ɗan'uwan da zai yi wa bayani. Kai mai rakiya, kai ma za ka sa hannu a takardar amincewa da tiyata, kai za ka sauka wurin biyan kuɗi kafin a yi hoto ko gwaji, kai za ka karɓo sakamako. Idan an shigar da mara lafiya ɗakin kulawa ta musamman, ba a barin ka ciki sai a ƙayyadadden lokaci, amma ana son ka kasance kusa, domin ana iya kiran sunanka ƙarfe uku na dare.

To wa ya dace? Wanda yake jin Ingilishi, ko da na kasuwa ne. Faransanci ba ya kai ka ko'ina a can; a Delhi Hindi da Ingilishi ake yi, a Chennai Tamil da Ingilishi. Sai mai lafiyar ƙafa, mai haƙurin bin layi, wanda ya iya rubuta lissafi kullum. Bizar jinya tana ba da damar masu rakiya har 2, kuma idan mara lafiyar mace ce, a yi ƙoƙari ɗaya ta zama mace, saboda wanka da kwanan dare. Akwai kuma maganar jini. Asibitoci da yawa suna neman dangi su mayar da jinin da aka ƙara wa mara lafiya. Mai bayarwa sai yana tsakanin shekara 18 da 65, nauyinsa bai gaza kilo 45 ba, kuma wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ana dakatar da shi wata 3. Dattijo mai ciwon suga da ke fama da kansa ba zai iya wannan ba, komai ƙaunarsa ga mara lafiya.

Takardu su ne suka fi ɓata wa mutanenmu lokaci. Ofishin jakadancin Indiya yana nan Yamai tun 2009, namu kuma yana New Delhi tun 2011, kuma duka biyun za ka buƙace su. Kafin neman biza sai an samo wasiƙar gayyata daga asibitin, mai ɗauke da sunan mara lafiya da na masu rakiya daidai yadda suke a fasfo. Mahamadou a wannan takarda, Mamane a waccan, ko ranar haihuwa da ta bambanta tsakanin fasfo da takardar haihuwa, ya isa ya tsayar da komai. Duk sakamakon da aka yi da Faransanci a fassara shi zuwa Ingilishi tun daga gida, a tafi da hotunan sikana su kansu, ba bayanin kaɗai ba. Katin rigakafin zazzaɓin shawara dole ne; wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta. In kun isa, mai masauki wajibi ne ya cike muku takardar da ake kira Form C cikin awa 24. Masaukin da ya ƙi yi, a bar shi komai arharsa, domin ranar da za a nemi ƙarin wa'adin biza a ofishin baƙi na FRRO za a tambaye ta. Bizar da ta wuce kwana 180 tana buƙatar rajista cikin kwana 14 da isowa. A nemi ƙarin wa'adi da wasiƙar likita tun biza ba ta ƙare ba. Wanda ya bari ta ƙare sai ya biya tara ya nemi izinin fita.

Masu zuwa dashen ƙoda su karanta wannan da kyau. Dokar 1994, da gyaran da aka yi mata a 2011, ta ƙayyade dangi na kusa: uwa, uba, ɗa, ƴa, wa ko ƙane, ya ko ƙanwa, miji ko mata, kakanni da jikoki. Ɗan baffa ko ɗan kawu, wanda mu a gida ba mu raba shi da ɗan ɗaki ɗaya, ba ya cikin wannan jeri, kuma bincikensa ya fi tsanani. Duk baƙo sai ya bi ta gaban kwamitin ba da izini, ofishin jakadancin Nijar ya tabbatar da dangantakar a rubuce, a yi gwajin jini, a zaunar da mai bayarwa a tambaye shi ko an biya shi ko an matsa masa. Sayen ƙoda laifi ne mai ɗauri, kuma Ba'indiye ba zai ba baƙo ba sai in ɗan'uwansa ne na kusa. Duk dillalin da ya ce ku zo kawai akwai mai bayarwa a can, ku guje shi. Kuma kada a manta, mai bayarwa shi ma majinyaci ne bayan tiyata, ba za a lissafa shi cikin masu jinya ba.

Lissafin kuɗinsu yana rikita baƙo. Ba sa cewa dubu ɗari, lakh suke cewa, kuma suna rubuta shi 1,00,000. Lakh 100 shi ne crore ɗaya, wato miliyan 10. Idan takarda ta ce 4,50,000 to rupi dubu 450 ne. A ƙarshen 2025 rupi ɗaya yana tsakanin sefa 6 da 7, don haka a lokacin lakh ɗaya ya haura jika 600. Takardar ƙiyasi da asibiti ke aikowa ba ita ce kuɗin ƙarshe ba: tana ɗaukar kwanaki ƙayyadaddu, kuma kowane kwana da ya ƙaru a kulawa ta musamman yana da nasa lissafi. A tambaya tun farko me ke ciki, me ba ya ciki, kuma a sani cewa a asibitoci masu zaman kansu ajin ɗakin da aka zaɓa yakan ja kuɗin likita da na tiyata sama. A biya a wurin karɓar kuɗi na asibiti, a karɓi rasit, kada a miƙa wa tafinta ya biya. Tafintoci da yawa mutanen kirki ne, amma yawancinsu suna da kaso a kan mara lafiyar da suka kawo, kuma ya kamata iyali su san haka. A shago kuwa, kowane kaya na kwali ko kwalba yana da farashi a jikinsa kusa da haruffan MRP. Ba a yarda a sayar sama da shi ba, har da magani.

Abinci shi ne abin da ya fi karya zuciyar mara lafiya, alhali kusan duk cimarmu tana kasuwarsu. Gero shi ne bajra, dawa jowar, kuɓewa bhindi, tsamiya imli, farin wake lobiya, kindirmo dahi. Da waɗannan sunaye a takarda, mai jinya zai iya dama kunu, ya tuƙa tuwo, ya kaɗa miyar kuɓewa. Garin gero a sayi kilo ɗaya ɗaya, domin yana saurin ɗaci idan ya daɗe, kuma ya fi samuwa lokacin sanyi. Don haka a nemi masauki mai wurin girki kusa da asibiti, ko da ya ɗan fi tsada.

Kowane gida a can da tukunyar tururi ake dafa wake da nama, kuma ba sa ƙirga minti, ƙarar fito suke ƙirgawa. Kofi ɗaya na dal, wato ɓararren wakensu, da kofi 3 na ruwa, fito 3 zuwa 4. Farin wake da aka jiƙa ya kwana, fito 4 ko 5. Kada a cika tukunyar fiye da rabi idan wake ne, saboda kumfa tana toshe ramin da tururi ke fita. Idan tururi yana tsiyaya ta gefen murfi kuma fito bai zo ba, robar murfin ce ta saki, a canza ta. Bayan an sauke, a bar ta ta huce da kanta kafin a buɗe. Wanda ya tilasta murfi yana iya ƙona fuska.

A jikin kayan abinci za ka ga ɗigo kore cikin murabba'i, alamar babu nama a ciki. Mai launin ƙasa-ƙasa yana nufin akwai. Saniya abar girmamawa ce ga mabiya Hindu, kuma an hana yanka ta a Delhi da jihohi da yawa, don haka jan naman da ake samu na ɓauna ne. Abin da suke kira mutton yawanci akuya ce. Akwai mahauta masu sare kai da bugu ɗaya, ana ce wa namansu jhatka. Musulmi ya nemi shagon da aka rubuta halal. Wasu masu gida ba sa yarda a dafa nama a gidansu sam, a tambaya kafin a biya haya. Ruwan famfo ba na sha ba ne, ana sayen babbar gora mai lita 20. Mai ciwon ƙoda kada a sa masa kanwa a miya, kada kuma a saya masa gishirin da aka rubuta mai ƙarancin sodiyom, domin da sinadarin fotasiyom ake cike shi, wanda ke iya taɓa zuciya. Duk wani jiƙo ko garin magani da aka zo da shi daga gida, a nuna wa likita tukuna.

Sauran ƙananan abubuwa sai an sani. Alƙibla a can yamma take, ba gabas ba. Yawancin Musulminsu Hanafawa ne, la'asarsu takan yi jinkiri fiye da tamu. Agogonsu yana gaba da namu da awa 4 da rabi, wato lokacin da likita ke zagayen safe, mutanen gida ba su daɗe da sallar asuba ba ko ma ba su yi ba, don haka a sa mutum ɗaya a gida wanda za a iya tasa ya yanke magana. Motoci ta hagu suke bi, mai tsallaka titi ya fara duban dama. Idan mutum ya karkaɗa kai gefe da gefe kana magana, galibi yana nufin ya ji ko ya yarda, ba ƙi ya yi ba. In maganar magani ce ko kuɗi, ka sa ya faɗa da baki ko ya rubuta. Ana cire takalmi a ƙofar gida, ana ba da abu da hannun dama, kuma ƙara "ji" bayan sunan mutum girmamawa ce da ke buɗe ƙofofi. Jirgin ƙasan cikin Delhi yana da tarago na mata zalla.

Idan tiyatar ba ta gaggawa ba ce, a duba wata. Iskar Delhi takan gurɓace ƙwarai a Nuwamba, abin da ke wahalar da mai ciwon huhu ko zuciya. Disamba da Janairu a Delhi akwai sanyi da hazo da suka fi na hunturunmu, ɗakuna kuma ba su da ɗumi, a tafi da bargo da rigunan sanyi. Bayan damina, daga Satumba, zazzaɓin dengi yana yawa, kuma sauronsa da rana yake cizo.

Kafin a kama hanyar gida, mai jinya ya karɓi cikakkiyar takardar sallama, da hotuna, da takardar izinin hawa jirgi. Ya roƙi likita ya rubuta magunguna da sunan sinadarinsu, domin sunan kamfani na can ba lallai mai farmasi a Yamai ya san shi ba. A sayo na wata 3 aƙalla, a sa shi a jakar hannu tare da takardar likita, mai buƙatar sanyi kamar insulin a cikin jakar ƙanƙara. A samo lambar da za a riƙa aika sakamakon gwaji, kuma tun ana can a tsayar da likitan da zai ci gaba da duba mara lafiya a gida, a aika masa takardun ya karanta kafin jirgi ya sauka.