Jarumin littafi ya koma mai rawa

Mayar da littafi fim ba yau aka fara ba, tun 1976 Adamu Halilu ya yi wa littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma na yanzu da muke kallo a waya a shagon ɗinkinmu na Agege, haushi suke ba ni.

Jarumin da a littafi yake tashi tsakar dare ya yi alwala, yana kokawa da zuciyarsa shafi bayan shafi, a fim sai ga shi cikin shadda yana rawa a lambu. Kyamara ba ta ɗaukar tawakkali, sai a riƙa masa carbi a wuce wurin. Maigidana ya ce ai waƙa ke sayar da fim. To, su bar wa mutumin sallarsa mana!