Kunnen doki a teburin maki

A cibiyar da nake taimakawa, inda yara ke gwajin jarrabawar JAMB a kwamfuta, yaro ɗaya kan zauna Lissafi sau huɗu ko biyar kafin ranar jarrabawa ta zo. Kowane zama kuwa layi ne a cikin teburin maki mai suna gwaji, wanda ke cikin MySQL, manhajar da muke adana bayanai da ita. Ranar nan shugaban cibiyar ya kira ni ya ce, "Malam, a bar wa kowane yaro makinsa mafi yawa a kowane darasi, sauran a share."

Na fara da abin da ya zo mini a rai, wato DELETE, umarnin share layi, da ƙaramar tambaya a cikinsa mai nemo MAX, wato maki mafi yawa. MySQL ya ƙi, ya jefo mini kuskure mai lamba 1093, domin ba ya yarda a share daga tebur ana kuma karanta shi a cikin ƙaramar tambayar. Sai na haɗa teburin da kansa:

DELETE a FROM gwaji a JOIN gwaji b ON a.dalibi = b.dalibi AND a.darasi = b.darasi AND a.maki < b.maki;

Duk layin da wani ya fi shi maki ya tafi ke nan. Allah Ya sa a kwafin teburin na gwada, don da na ƙirga sai na tarar wata yarinya tana da layi biyu. Ta ci 68 a watan Janairu, ta sake cin 68 a Fabrairu. Kunnen doki suka yi, babu wanda ya fi wani, duka suka tsira.

Wannan ba aikin injin ba ne, hukunci ne da mutum zai yanke. Na koma wurin shugaba na tambaye shi wanne yake so, na farko ko na ƙarshe. Ya ce na ƙarshe, shi ne ke nuna inda yarinyar take yanzu. Tun da id, wato lambar layi, na ƙaruwa da kowane sabon zama, sai sharaɗin ya koma haka:

AND (a.maki < b.maki OR (a.maki = b.maki AND a.id < b.id))

Da a kan MySQL 8.0 muke, wanda ya fito a 2018, da ROW_NUMBER, mai jera layuka yana ba su lamba, ya sauƙaƙa mini. Namu har yanzu 5.7 ne.

Saura waɗanda wuta ta ɗauke suna tsakiyar gwaji, makinsu ya zama NULL, wato gurbin makin babu komai. Shi NULL ba ya ƙasa da komai, ba ya daidai da komai, shi ya sa umarnin bai taɓa su ba. Wanda yake da wani makin a darasin, na share masa layin nan daban. Amma akwai yara uku da ba su da komai sai shi. Waɗannan na bar musu, don shi kaɗai ne shaidar cewa sun biya kuɗi sun zo sun zauna, kuma na rubuta wa shugaba sunayensu a sake ba su rana.