Mai Sauƙi a Jikin Wa?

A shekarata ta farko a ɗakin gwaje-gwaje, aikina shi ne karanta haruffan gadon ƙwayar murar tsuntsaye a kwamfuta. A shafo samfur daga maƙogwaro ko duburar kaza, na'ura ta fitar da jerin haruffa, ni kuma in nufi wuri guda in duba. In na ga abin da nake nema, in rubuta "mai tsanani". In ban gani ba, in rubuta "mai sauƙi", hankalina ya kwanta.

Wurin da nake dubawa ba na banza ba ne. A bayan ƙwayar akwai furotin da ake kira HA, da shi take maƙale wa tantanin jiki ta kutsa ciki. Sai dai ba ya aiki sai an tsaga shi gida biyu, ƙwayar kuwa ba ta da almakashin kanta, na jikin tsuntsun take ara. A mai sauƙi, almakashin da ke iya wannan yanka sai a hanyar numfashi da hanji ake samun sa, don haka ciwon ya tsaya nan: ɗan atishawa, raguwar ƙwai. Amma in ƙwayar ta jera amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) irin arjinin da laisin da yawa a wurin yankan, sai wani almakashi mai suna fiyurin, wanda ke kusan kowace gaɓa, ya samu makama. Daga nan zuciya da ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jini duk sun zama gonarta. Kai ya kumbura, zanko ya yi baƙi, cikin kwana biyu ɗakin kaji ya yi tsit. Cikin nau'o'in furotin HA goma sha shida (H1 zuwa H16) da aka daɗe da sani a tsuntsaye, H5 da H7 ne aka san suna yin wannan rikiɗa a gonaki.

Wata rana na kai wa malamina sakamako, na ce, "Malam, H7 ce, amma mai sauƙi ce, babu damuwa." Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Mai sauƙi a jikin wa? Kuma zuwa yaushe?" Bai ƙara komai ba, ya ce in je in karanta abin da ya faru a Italiya da Fensilbaniya, in dawo.

A arewacin Italiya, H7N1 mai sauƙi ta bayyana a watan Maris na 1999, ta yi ta yawo tsakanin gonakin talotalo da kaji. A Disamba aka gano ta ƙara haruffa a wurin yankan nan, aka yi asarar tsuntsaye sama da miliyan 13. Na Fensilbaniya ta Amurka ya fi tsaya mini a rai. A Afrilun 1983 H5N2 ta shiga gonaki tana kashe kaɗan. A Oktoba ta koma kisa gadan-gadan, har aka hallaka tsuntsaye kusan miliyan 17. Da aka bincika, ashe tun farko tana ɗauke da jerin amino asid ɗin nan, wani reshen sukari ne ya rufe wurin, almakashi ya kasa kaiwa. Sauyi ɗaya tak ya cire reshen. Wato ko haruffan da na dogara a kansu ba su faɗin labarin duka.

Dalilin wannan rikiɗa ba ɓoyayye ba ne. Injin da ƙwayar ke kwafar kanta da shi ba ya komawa ya gyara kuskure, don haka kowane zagaye sai an samu 'ya'ya masu ɗan bambanci. Yawancinsu ba sa kai labari. A hanjin agwagwar daji, inda ƙwayar ta saba zama, ba a cika ganin wani abu ba. Amma ka tara kaji dubu hamsin a rufi ɗaya, ka bar ƙwayar wata shida tana zagayawa, ka ba ta dama sau miliyoyi ta dace da kuskuren da zai amfane ta. Tambayar Malam ta biyu ke nan: lokaci da cunkoso su ma suna cikin abubuwan da ke sa ƙwaya tsanani, ko da ba a ganin su a kwamfuta.

Tambayarsa ta farko H7N9 ce ta amsa mini ita. Ta ɓulla a Sin a 2013. A jikin kaza kusan ba ta da alama, kaji na ta kiwonsu a kasuwa lafiya lau. A jikin mutum kuwa ta kama sama da 1,500, fiye da 600 suka rasu. Babu mushen kaji da zai gargaɗi kowa, sai da majinyata suka cika gadaje sannan aka koma neman tushe. Da samfurin ya zo teburina a lokacin da nake sabo, "mai sauƙi" zan rubuta, kuma a ma'aunin littafi ban yi kuskure ba, don ma'aunin da kaza ake yin sa. Wannan tunanin ya hana ni barci kwana da kwanaki.

A nan na fara duba sauran gadon. Guntaye takwas ne, kowanne zaman kansa yake. In ƙwayoyi biyu suka haɗu a tantani ɗaya, 'ya'yan na iya fitowa da guntun wannan da na wancan. Guntaye shida na cikin H7N9 daga H9N2 ta aro su, ƙwayar da ta zama ruwan dare a kaji har ba a cika kula ta ba. Ɗan hakin da ka raina. Ta wannan musayar ce ma annobar murar 1957 da ta 1968 suka samo guntayen tsuntsaye.

Na kuma koyi duba guntun PB2, wani ɓangare na injin kwafar nan, musamman gurbi na 627 a jerin amino asid ɗinsa. Hanjin tsuntsu ya kai digiri 41, hancin mutum kuwa wajen 33 ne, kuma sauyin amino asid ɗaya a gurbin nan yana taimaka wa ƙwayar hayayyafa a jikin mai shayarwa. A Holan a 2003, H7N7 ta kama mutum 89, galibi ciwon ido kawai suka yi. Likitan dabbobi ɗaya ya rasu, kuma ƙwayar da aka samu a jikinsa tana da wannan sauyi. Na so in riƙe shi a matsayin sabuwar alamata, sai na ga ƙwayar annobar murar 2009 ta zagaye duniya ba tare da shi ba. Ta bi wata hanya ta daban.

H5N1 da ake fama da ita yanzu jikanyar wadda aka fara gani a lardin Guangdong na Sin ce a 1996. A Hong Kong a 1997 ta kama mutum 18, shida suka rasu. A 2005 ta kashe dubban tsuntsayen daji a tafkin Qinghai na Sin, alamar ta koma wa tsuntsaye masu ƙaura da tsananin da ta samo a gona. Reshenta na 2.3.4.4b ya tsallaka Kanada a ƙarshen 2021, ya gangara Kudancin Amurka yana kashe dabbobin teku, ya kai har yankin Antatika. A Maris na 2024 aka tabbatar da ita a shanun madara a jihar Texas ta Amurka, ba a huhu ta fi taruwa ba, a hantsa. Saniya ba ta ma cikin jerin dabbobin da aka koya mana mu sa wa ido.

Yanzu in na rubuta "mai sauƙi" a takardar sakamako, nakan ƙara "a kaji, a ranar da aka ɗauki samfur". Ina karanta guntayen takwas duka, ina tambayar tun yaushe ciwon ke gonar, da ko akwai aladu ko agwagi kusa, da ko wani ma'aikaci ya yi zazzaɓi ko jan ido. In H5 ce ko H7, ina neman a sake kawo samfur bayan mako biyu, kuma ina kiran waya in tuna musu in ranar ta zo.