Marka da furannin gidana

Agustan bana ya zo wa Kaduna da marka mai nauyi. Yayyafi yakan wuni yana zuba, rana ta leƙo da hantsi, kafin la'asar kuma hadari ya sake haɗuwa daga gabas. Dama wannan ne watan da ya fi kowane ruwa a garin nan, inda ake samun sama da milimita 1,000 a shekara, kuma a cikinsa ne Kogin Kaduna yakan cika ya tayar wa mazauna bakinsa da hankali.

Wardin da na dasa a tukwane shi ya fi shan wahala, domin ruwa ya kwanta a gindinsa har saiwa ta fara ruɓewa, ganyen ya yi baƙin ɗigo-ɗigo yana zubewa. Dole na ƙara huda gindin tukwanen, na gauraya ƙasar da yashi, na mayar da su ƙarƙashin rumfa. Tausayinsa nake ji ƙwarai.

Zoɓo da lalle kuwa sun ji daɗin daminar, sun yi kore shar. Zoɓon ba zai yi fure sosai ba sai ruwa ya fara janyewa a Oktoba, saboda haka aikina yanzu shi ne cire ciyawa da tsince dodon koɗi kowace safiya.