Lamba ɗaya tak

Yau da hantsi aka kawo mana famfon mai na injin jirgin sama samfurin CFM56 da muka kwana biyu muna jira, jirgi na ajiye a ƙasa, kowa ya ƙagu. Na haska na'ura a kan ɗan tambarin nan mai ɗigo-ɗigo da ke jikin farantinsa, wanda bai kai faɗin farce ba. Nan take lambar masana'anta da lambar kayan da lambar siriyal suka fito a allo, bisa tsarin Spec 2000 da kamfanonin jirage da masu ƙera kaya ke musayar bayanai da shi. Sai na ɗauko takardar EASA Form 1 da ta rako famfon, wato takardar shaidar ingancinsa. A jikin famfo siriyal ta ƙare da 8, a takarda kuwa 3. Na sake dubawa har sau uku, gabana na faɗuwa. Babban injiniyanmu, dattijo mai furfura, ya gyara tabarau ya ce, "Ɗana, rataya masa jan kati ka killace shi, sai sun aiko da takarda sahihiya."

Wallahi raina bai so ba, don na san akwai masu jiran tafiya. Amma na tuna 2023, da aka gano wani dillali a Landan ya sayar da dubban kayan irin wannan injin da takardun bogi, har aka riƙa sauke jirage ana kwance injuna. Wataƙila namu kuskuren mai buga takarda ne kawai. Har yanzu dai ina tunanin mutanen da za su hau jirgin nan da 'ya'yansu, ba su san an taɓa tsayawa a kan 8 da 3 ba.